Mudun da ke gyaran murya: yadda za ka rubuta wa yaran karkara almara mai ban dariya, mai habaici, mai taɓa zuciya

Littafin yara na farko da na rubuta, mai rake ne ya kashe shi. Na tara 'yan aji biyar a gindin darbejiyar makarantarmu, a wani ƙauye na ƙasar Ringim, na buɗe littafin da na shafe damina guda ina cikawa, na fara karanta musu labarin wani yaro Nagari da aljani ya ba zobe saboda ladabinsa. Nagari ba ya ƙarya, ba ya makara, ba ya jifan mangwaron mutane, kuma duk ƙarshen babi sai ya tsaya ya yi wa abokansa nasiha. Ban kai shafi na shida ba mai rake ya turo baronsa ta gefen fili. Yaran ba su tashi ba, tunda ni malaminsu ne, amma duk idanunsu sun bi baron. Da na tambayi wata yarinya abin da ta fi so a labarin, sai ta ce, "Malam, yaushe za a doke shi?"

Ta fi ni gaskiya. Wa'azi na rubuta, na yafa masa rigar tatsuniya. Abin da ke ƙasa shi ne hanyar da na bi a karo na biyu, mataki bayan mataki, kuma da labarin nawa zan riƙa ba da misali, don gani ya kori ji.

Mataki na farko: wata guda na sauraro

Kada ka rubuta ko layi ɗaya na labari a watan farko. Sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu, ka riƙa zuwa inda mutane ke magana ba tare da sun san ana jin su ba: bakin famfon tuƙa-tuƙa da safe, wurin injin niƙa, teburin mai shayi, dandali bayan isha. Ranar Alhamis ka shiga karar Maigatari, ko ranar Juma'a ka shiga ta Wudil, ka tsaya kusa da dillalai ka ji yadda ake taya sa, mai shi yana cewa "albarka" yana kau da kai kamar an zage shi, alhali zuciyarsa ta riga ta sallama.

Abin da za ka rubuta shi ne ainihin kalmomin da aka furta, ba taƙaitawarka ba. "Tsohuwa ta zolayi jikanta" ba zai amfane ka da komai ba. Amma "Ango, yau kwana uku ba cefane, ko sai na kai ka gaban alƙali?" magana ce da za ta shiga littafi yadda take.

In azumi ya same ka cikin wannan wata, ka yi sa'a. Daga goma ga wata yara ke fita tashe, kuma tashe makaranta ce ga duk mai son rubuta musu. Dubi abin da suke yi da kyau: yaro ya manna gemun auduga ya zama malami ko tsoho, wani ya rataya tarkace ya zama mai maganin da ke warkar da kowace cuta, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata, a yi wa gwauro tsiya. Duk manya ake kwaikwaya, a ƙofar gidan manyan, kuma manyan ne ke ba da sadaka suna dariya. Ma'ana, yaran da kake son rubuta wa sun riga ka sanin habaici. Ba koya musu za ka yi ba. Kamo su za ka yi.

Mataki na biyu: abin al'ajabi guda ɗaya, mai doka, mai ƙarewa

Nan ne littafin zai tsaya ko ya faɗi, don haka zan daɗe a kai.

Almara ba baƙuwa ba ce a rubutun Hausa. Gasar ƙagaggun labarai da aka yi a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma tun daga lokacin mai karatun Hausa ya saba da aljanu da abin dariya a shafi ɗaya. Ba wanda zai yi maka kallon baƙo. Matsalar sabon marubuci ita ce haɗama: ya zuba dodo, ya zuba layar zana, ya ƙara doki mai fiffike da zoben da ke kawo abinci. In komai mai yiwuwa ne, babu abin da zai ba yaro tsoro, babu kuma abin da zai ba shi dariya, domin ya san ko wane rami jarumin ya faɗa akwai layar da za ta fito da shi.

Zaɓi abu ɗaya. Ya kasance abin da yaron ƙauye ke taɓawa kullum: ludayi, tulu, fatanya, allo, akuyar gida. Sannan ka yi masa tambaya uku. Zai iya kunyata babban mutum a bainar jama'a? Zai iya cutar da yaron da ke riƙe da shi? Yana ƙarewa? In amsa ɗaya ta zama a'a, ajiye shi ka nemi wani.

Ga nawa. Talatu yarinya ce 'yar shekara goma. Kakarta, Iya, ma'auniya ce a kasuwar ƙauyensu, kuma tana da wata ɗabi'a: in mai ciniki ya shara mata ƙarya ba ta musa masa, sai dai ta yi gyaran murya, "uhum-uhum", ta ci gaba da awonta. Iya ta rasu, ta bar wa Talatu tsohon mudunta na ƙwarya. Sai ga shi duk wanda ya yi ƙarya kusa da mudun nan, mudun zai yi gyaran murya, da muryar Iya sak. Dokarsa kuwa: kowane gyaran murya na ƙara masa tsaga ɗaya.

Lura da abin da wannan doka ɗaya ta haifar. Dariya daga cikinta take fitowa, don mudun ba ya duba girman mai magana. Habaici ma daga cikinta, don mudu shi ne abin da kowa ya san ana tauyewa. Hawayen ma daga cikinta, don muryar wadda ta rasu ce, kuma tana ƙarewa. Kuskuren da na fi gani a rubuce-rubucen da abokai ke turo mini shi ne a ware babin dariya daban, babin darasi daban, babin kuka daban, kamar ana jera kwanuka a kabad. Yaro na gane ɗinkin. In ukun ba daga tushe ɗaya suka tsiro ba, koma ka sake tunanin abin al'ajabin, kada ka ci gaba.

Rubuta dokar a takarda ka manna inda kake zama. Ranar da labari ya cije maka, za ka ji sha'awar karya ta. Kada ka karya. Yaro zai yafe maka kuskuren nahawu, amma ba zai yafe maka mudun da ya yi shiru a babi na tara kan irin ƙaryar da ya kama a babi na uku ba.

Mataki na uku: ƙasa ta gaske, gari na ƙarya

Sunan garin ka ƙirƙira shi. Nawa Saigobe ne, don duk abin da aka yi wa mutanensa alkawari, daga burtsatse har rufin aji, amsar ɗaya ce. Da sunan ƙarya ba dagaci ko bulaman da zai ce da shi kake, ba kuma dangin da za su zo ƙofar gidanka.

Amma ƙasar da garin ke zaune a kai, ta zama ta gaske har yaro ya ji ƙanshinta. Na ajiye Saigobe a bakin Kogin Haɗejia, inda ciyawar kacala ke toshe hanyoyin ruwa, inda ake tura yara gona da gwangwani su kori tsuntsayen jan-baki daga shinkafa, inda kowa ya san ruwan da ke zuwa daga madatsun Tiga da Challawa. Ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a yankunan Ringim da Auyo da Haɗejia, yaran da nake koyarwa da idonsu suka gan ta, wasu a azuzuwan makaranta suka kwana. Don haka da na sa ambaliya a labarin, ban buƙaci bayani ba.

Ba mu rasa wuraren almara ba. Akwai duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, da waɗanda in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Akwai dausayin Baturiya da tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. Tsuntsun da ya ga ƙasashe ya sauka a fadamar ƙauye, ai shi kaɗai ya isa tauraron littafi. Akwai dajin Falgore a kudancin Kano. Akwai kuma tsohuwar kukar bayan gari da kowane yaro ke sauri in ya zo wucewa da magariba. Ɗauki ɗaya ko biyu, ba duka ba.

Mataki na huɗu: gina dariyar

Dariya ba ta zuwa don marubuci ya ce "sai kowa ya fashe da dariya". Goge wannan jimla duk inda ka same ta. Ga abubuwan da na ga suna aiki a gaban yara.

Laƙabi da kalmar baki. Ka ba kowane babba a labarin wata magana da ba ya rabuwa da ita. Shugaban kwamitin Saigobe ana ce masa Ciyaman Bamatsala, don ko gidanka ne ya rushe abin da zai ce ke nan. Karo na farko yaro zai yi murmushi. Karo na uku zai riga ka faɗa. Daga nan ka sami abokin aiki.

Girma ya zube. Babbar riga da akuya ta kama, rawani da ya warware ana tsakiyar jawabi, mai bugun ƙirji da ƙadangare ya sa shi hawa katanga. Ba sai ka wulaƙanta mutum ba. Ya isa a ga tazarar da ke tsakanin yadda yake ganin kansa da yadda abin ya kasance.

Yaron da ke ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ƙanin Talatu, ɗan shekara biyar, shi ne makamina. An ce Ciyaman ya ci kuɗin rijiya, sai ya je ya tsaya yana kallon cikinsa, ya tambaye shi ko da miya ya ci.

Game da Gizo: kowa na son saka shi, da tsamin bakinsa da "sayki" maimakon sarki. Ra'ayina, ka bar shi ya huta, sai in kana da sabon abin da za ka sa shi yi. Yara sun san dabarunsa da na Ƙoƙi tun suna goye. Abin da ya kamata ka ara daga wurinsa shi ne halin: ƙaramin da ba shi da ƙarfi, sai wayo, kuma wayon kan juyo ya ci shi. Jarumarka ta zama mai laifi wani lokaci. Talatu ta taɓa kai mudun gidan kishiyar gwaggonta don neman rigima kawai, kuma ta gane kurenta.

Sai abin da ba a dariya da shi, wanda nan nake da zafi. Kada ka sa a yi wa makaho, ko gurgu, ko mai in'ina, ko almajiri dariya saboda halin da yake ciki. Kada ka ɗauko tsohuwar hanyar mai da baƙauye wawa. Mai karatunka baƙauye ne, kai ma watakila haka. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko taubasai, yana da daɗi a baki saboda kowa na ramawa nan take. A takarda ɗaya ɓangaren ba ya nan. In za ka saka shi, to ka bar wanda aka zolaya ya rama har ya yi nasara.

Mataki na biyar: habaici, ba zambo ba

Zambo na kama suna ya siffanta mutum don a muzanta shi. Habaici na jefa magana a tsakar kasuwa, mai kaza a aljihu ya ji "as". Littafin yara na biyun yake so. Hali kake farauta, ba mutum ba: tauye mudu, alkawarin siyasa, rabon da ba ya kai wa mai shi, malamin da sai ranar albashi ake ganinsa, maigidan da ya sayar da hatsi da kaka ya ƙara aure, damina ta zo yana rance. Kuma kibiyar sama za ta riƙa kallo, wajen mai iko, ba ƙasa ba.

Ka rubuta fage yadda zai yi hawa biyu: yaro ya yi dariya don abin da ya gani, babban da ke karanta masa ya yi dariya don abin da ya sani. Ga yadda na rubuta ranar rabon kayan agaji:

Ciyaman ya hau benci, ya saɓa hannun riga.

"Jama'ar Saigobe, ba matsala. Buhu sittin aka aiko mana, ga su nan a gabanku."

"Uhum-uhum," in ji wani abu daga cikin mayafin Talatu.

Ciyaman ya waiga. "Wace tsohuwa ce ba ta da lafiya? A ba ta ruwa." Ya gyara tsayuwa. "Wato, saba'in ne, goma sun jiƙe a hanya."

"Uhum-uhum."

Wani tsohon dillalin shanu da ke gyangyaɗi a gefe ya farka, ya ɗauka a kara yake. "Albarka!" in ji shi.

"Tamanin," in ji Ciyaman, gumi na bin wuyansa.

"Uhum-uhum."

"Albarka! Ƙara dai, Alhaji, kayan sun fi haka."

"Ɗari ne," in ji Ciyaman, da ƙaramar murya.

Shiru. Mutane suka kasa kunne. Mayafin bai ce komai ba.

"An sallama," in ji dillali, ya miƙa hannu a ba shi la'ada.

Da aka zo kiran suna kuma, aka kira wani Alhaji Duna, magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara. Ƙanin Talatu ya ja mata zane. "Yaya, ba Duna ne jakin Ciyaman ba? Yaushe ya je Makka?"

Ka ga babu inda na rubuta "cin amana ba kyau". Ba a buƙata. Ranar da na karanta wannan a aji, wani yaro ya kira sunan wani mutum na gaske da ƙarfi, sai da na ce ya rufe mini baki. Shi ya faɗa, ba littafin ba.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Na ɗaya, ka ba mugun naka fuskar mutum. Ciyaman na da bashin mai taki a wuyansa, yana da uwa tsohuwa da yake tsoron ta ji labari. Wannan bai wanke shi ba, amma ya hana shi zama dodo, kuma yaro ya fahimci cewa mai tauye mudu maƙwabci ne da ake gaisawa da shi, wanda shi ne gaskiyar ƙauye. Na biyu, kada habaicin ya tsaya kan mutum ɗaya. Mutanen Saigobe da suka yi wa Ciyaman ihu, washegari mudun ya kama su ɗaya bayan ɗaya: mai nono da ta ƙara ruwa, mai gero da ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu, har liman da ya ce bai ji sallamar mai bin sa bashi ba. Nan garin ya fara tunanin a fasa mudun a huta. Daga wannan babin ne littafin ya daina zama wasa kawai.

Mataki na shida: inda za a yi shiru

Taɓa zuciya ba ta son yawan magana. Wuri biyu ko uku sun isa a duk littafin, kuma kowanne ya zo daf da dariya, don lokacin ne ƙirjin yaro yake a buɗe. Kada ka rubuta "Talatu ta yi baƙin ciki matuƙa". Nuna abin da hannunta ya yi.

Bayan ambaliya, hatsi ya yi ƙasa a gidan su Talatu. Innarta ta kwashe tuwo, malmala biyu kacal, ta tura wa yaran.

"Inna, ke fa?"

"Ku ci, ni na ci a gidan Gwaggo. Na ƙoshi."

Daga kan rataya, a hankali: "Uhum-uhum."

Ba wanda ya ɗaga kai. Talatu ta ci rabin nata, ta tura kwanon. "Ni ma na ƙoshi, Inna."

"Uhum-uhum."

Inna ta dubi Talatu, Talatu ta dubi Inna. Sai Inna ta yi dariya, ta goge ido da bakin zane, ta ce, "Tsohuwar nan ko a can ba za ta bar mutum ya sakata ba." Suka sa hannu a kwano ɗaya.

A nan na rufe babin. Na so ƙwarai in ƙara sakin layi kan darajar uwa. Na rubuta shi ma, sau biyu, na goge.

Wuri na biyu da dare ne. Talatu na shiga ɗakin Iya ita kaɗai, ta rungume mudun, ta raɗa masa ƙarya da gangan, "Ni ko kewar Iya ba na yi," don kawai ta ji muryar. Da safe ta ga sabuwar tsaga. Yaron da ya rasa kaka ko uwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Akwai maganar addini, kuma kada ka yi wasa da ita, domin iyaye ne ke sayen littafi. Na sa malamin allon su Talatu ya gaya mata a fili cewa wanda ya rasu ba ya dawowa, Iya addu'a take buƙata, mudu kuwa ƙwarya ce. Ba ta roƙon mudun komai, ba boka a labarin, ba tsafi. Na kuma buɗe littafin da "ga ta nan, ga ta nanku", na rufe da "ƙurunƙus", yadda kowa zai san a filin tatsuniya muke. Ba da daftarin ga wani malami da kake girmamawa ya duba kafin ka kai ɗab'i. Gara ya gyara maka a zaure da a yi maka a mumbari.

Ƙarshen labari kuma, yaron ne zai biya farashi da zaɓin kansa. Gyartai ya duba mudun ya ce ɗinki ya ƙare, saura gyaran murya ɗaya ya rabe biyu. Talatu na iya ɓoye shi ta ajiye muryar Iya har abada, ko ta kai shi gaban hakimi ranar da Ciyaman zai rantse cewa filin makaranta gadonsa ne. Ta kai. Kada ka tausaya ka gyara abin da ya fashe. Yara sun san ƙwarya ba ta komawa. Abin da na yi kawai, Inna ta fere ɓari ɗaya ta mai da shi mara, ana kwasar tuwo da ita kullum.

Mataki na bakwai: tsari da tsawo

Ga 'yan aji huɗu zuwa shida, babi goma sha biyu zuwa sha huɗu sun isa, kowanne abin da za a karanta a baki cikin minti goma. Abin al'ajabin ya bayyana kafin babi na farko ya ƙare. Kowane babi ya tsaya a inda yaro zai ce "sai me ya faru?" Jimloli gajeru, hira da yawa. Karin magana ka bar ta a bakin tsofaffin labarin, kada ta wuce ɗaya a babi.

Mataki na takwas: kai shi gaban alƙalai

Tara yara goma ko sha biyar, waɗanda ba 'ya'yanka ba, kuma in da hali wani ya karanta kai kana gefe da biro. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Kunya za ta sa su ce e. Jikinsu za ka kalla. Inda suka yi dariya, sa alama. Inda ka sa ran dariya ba a yi ba, sa wata alamar. Inda aka fara tsokanar juna ko wasa da ƙasa, wannan shafin ya mutu, yanke shi ko da shi ka fi so. Bayan kwana uku ka ce wani ya ba ƙaninsa labarin kana ji. Abin da ya tuna shi ne littafinka. Abin da ya ƙara daga kansa kuwa, sau da yawa ya fi naka. La'adar da dillali ya nema a fagen rabo, wani yaro ne ya ƙara ta, ni dai na rubuta.

Ka karanta wa iyaye mata ma, ko ta hannun matarka ko ƙanwarka. Su ne za su gaya maka inda ka sa yarinya ta yi wa babba maganar da ba 'yar gidan mutunci da za ta yi, ko inda ka sa suruka ta kira sunan da ba ta kira.

Mataki na tara: fitar da shi

Kafin ka kashe kuɗin ɗab'i, naɗi babi uku da muryarka a waya ka tura ta WhatsApp, ko ka ba masu cajin waya su riƙa tura wa mutane. A karkara kunne ya fi ido yawa, kuma in aka fara aiko maka da "ina ci gaban?" ka san akwai kasuwa. In za ka buga, girman A5, wato rabin takardar A4, ya fi, da manyan haruffa, da zane ko da baƙi da fari ne a kowane babi. Shafuka su zama 64 ko 80, don maɗaba'a da goma sha shida-sha shida take naɗe takarda. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta. In a Kano za ka sayar, ka tuntuɓi hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ka ji ƙa'idarsu, tunda littattafai ma suna ƙarƙashinta.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Sa allon rubutun Hausa a wayarka, manhajar Gboard na da shi, ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ tun daga farko. Ka kai wa maɗaba'a aikin a PDF, kuma kada ka yarda a buga sai ka ga samfuri a takarda ka karanta shi shafi-shafi. Ni ban yi haka ba. Wata maɗaba'a a cikin birni ta sauya mini salon haruffa, duk lanƙwasar ta zube, na je na ɗauko kwafi ɗari biyar a ɗaure ban buɗe ba sai a gida. A babi na huɗu akwai inda karen Ciyaman ya shigo taro da ƙashi a bakinsa. Sati biyu muka yi ni da 'yan aji shida, kowa da baƙin biro, muna bin shafi na 23 muna yi wa harafi ɗaya ƙugiya, kuma har yau akwai kwafin da suka tsallake da gangan.